Kalmar da Ta Rage wa Tafinta

Tafinta yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi ciwon ya same shi. Matarsa tana kicin ta ji faɗuwar kujera. Ta fito da ludayi a hannu, ta tarar da shi kwance a bakin ƙofar falo, baki a karkace, ido a buɗe, yana kallonta kamar yana jira ta faɗa masa abin da ya faru.

Mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa a kotu, tsaye tsakanin alƙali da waɗanda ba su jin Turanci, yana ɗauko magana daga wannan baki yana kai wa wancan kunne. Ya daɗe da yin ritaya amma sunan bai sake shi ba, har jikokinsa Tafinta suke ce masa. Bakin ma bai yi ritaya ba. In ana labarai a rediyo da shi ake yi, yana gyara wa mai karantawa fassara. In matarsa ta ce miya ta yi gishiri, sai ya tambaya gishirin ne ya yi yawa ko ruwan ne ya yi kaɗan, wai ba ɗaya ba ne. Ita kuma ta ce, "Malam, ci kawai, nan ba kotu ba ce."

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama dama, ta kuma taɓa magana. Kwanakin farko ko uffan bai ce ba. Umma, kamar yadda 'ya'yan suke kiran matar tasa, ta tare a kujerar roba kusa da gadon. 'Ya'yan biyu ne. Babba, namijin, gidaje yake ginawa yana sayarwa, kuma Allah ya buɗa masa. Auta malamar lissafi ce a sakandare, ita ce ta ɗauko bakin uban.

Wata safiya Umma tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, sai ya motsa leɓe ya ce, "Labish."

Saura kaɗan tsumman ya suɓuce mata. Ta ɗauka lafiya yake tambaya, ta ce, "Lafiya lau, Malam. Kowa lafiya. Sannu."

Ya runtse ido ya buɗe, ya sake cewa, "Labish."

Da Auta ta taso daga makaranta ta zo, ta kara kunne kusa da bakinsa, ta saurara da kyau, ta ɗago. "Umma, Turanci ne. Lavish yake cewa."

"Me ke nan kuma?"

Auta ta zauna a bakin gado tana sosa goshi. "Ya danganta. In aka faɗe ta a kan gida ko biki, ana nufin abin ya ƙasaita, na alfarma ne, an narka masa dukiya. In a kan mutum ne, wani lokaci mai hannu sake ake nufi, wanda in zai ba ka ba ya awo. Wani lokaci kuma zagi ce, almubazzari, mai facaka. Har in uwa ta cika tarairayar ɗanta, da ita suke faɗa."

"Kalma ɗaya ta kwashe wannan duka?"

"Haka suke yi."

"To wanne yake nufi?"

Auta ta dubi uban. Shi ma ita yake kallo, yawu yana bin gefen bakinsa. Ta ce, "Baba, ɗakin ne?" Don ɗakin Babba ne ya kama, na mutum ɗaya, mai firji da talabijin.

"Labish," in ji Tafinta, ya juya fuska bango.

Likitar da ke duba shi, wata doguwa mai saurin magana, ta ce kada su wahalar da kansu. "Ba lallai ba ne yana nufin ko ɗaya. Yawancin abin da kuke faɗa yana ji, yana ganewa. Abin da yake son faɗa ma yana nan a ransa, amma in ya buɗe baki wannan ce take fitowa. Ku gode wa Allah ma, akwai wanda ashar ce ta rage masa, da ita yake gaida surukansa." Aka ba shi biro a hannun hagu, ya yi 'yan jagwalgwalo a takarda ya jefar. Aka gwada e da a'a da kai. Wani lokaci ya dace, wani lokaci a ce ko yana son ruwa ya girgiza kai, alhali hannunsa yana miƙe wajen kofin.

Da sallama ta matso, Babba ya ce gidansa za a wuce. Umma ta so ta yi gardama amma ta rasa abin kamawa. A gidansu banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, ƙofar ɗaki ba za ta ci keken marasa lafiya ba, ga dokin ƙofa mai tudu da mai ƙafa biyu ma yake tuntuɓe da shi. Ta ce, "To, zuwa dai ya ɗan ji ƙarfi."

Babba ya ce, "Umma, ki bar mini komai."

Tafinta bai cika zuwa gidan ɗan nasa ba. Ranar da aka gama gini aka kai shi gani, ya zagaya da hannu a baya, daga wannan falo zuwa wancan, ƙarshe ya tsaya ya tambaya, "Ku nawa ne a gidan?" Iyakar abin da ya ce ke nan, Babba kuwa bai manta ba.

Yanzu Babba ne da kansa ya turo keken. Daɓen gidan sheƙi yake kamar an zuba ruwa, Umma sai dafa bango take tana taka shi a hankali. Ya nuna wa uban ɗakin da aka shirya masa: gado mai tashi da kwanciya da maɓalli, banɗaki mai ƙarafan riƙewa, taga daga sama har ƙasa tana kallon ciyawa kore shar. Ya durƙusa gaban keken. "Baba, ya ka gani?"

"Labish."

Babba ya yi dariya, idonsa ya ciko. Ya miƙe ya juya baya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. "Kun dai ji. Yau Baba ya yaba."

"Yaya," in ji Auta, "kalmar nan fa ba yabo kaɗai ba ce."

"Ke dai a bar ki da neman aibu."

Umma ta ce su yi shiru, mara lafiya ya gaji.

Ba wanda ya wulaƙanta ta a gidan. Matar Babba mace ce mai kirki, kullum maganarta ɗaya, "Umma, ki huta." An ɗauko mai jinya, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fararen kaya, shi ke ɗaga Tafinta, shi ke yi masa wanka, shi ke tura keken. In Umma ta nufi kicin, mai girki ta tare ta da fara'a ta tambayi me za a kawo mata. In ta ɗauki rigar mijinta za ta wanke, kafin ta samo bokiti an karɓa an jefa a inji. Tagar ba ta buɗuwa, na'urar sanyi ce ke aiki ba hutu, ƙafar Tafinta ta dama kullum kamar ƙanƙara. Aikin da ya rage mata ke nan, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a cinya tana murzawa.

Tana murzawa tana koyon kalmar. Akwai labish gajera mai fita da ƙarfi, ta lura yawanci ƙishirwa ce. Akwai mai ja, in ya gaji da kwanciya ta gefe ɗaya. Akwai wadda yake yi da ɗaga yatsa in ana labarai a rediyo. Wannan kam ta san ta tun ba yau ba, har takan ce, "To Malam, gyara musu." Amma duk ranar da ta fara jin ta iya, sai ya ƙaryata ta. Ta kawo ruwa ya ture kofin, ta gyara filo ya ture, ta kira mai jinya ya rufe ido. Ya yi ta maimaitawa har jijiyar wuyansa ta tashi, ita tana tsaye tana ambato duk abin da ke ɗakin ko za ta dace. Rediyo? Bargo? Labule? Ƙarshe ya gaji ya yi shiru. Abin da ya nema a irin waɗannan ranakun ba ta taɓa sani ba.

Auta takan zo ƙarshen mako, kuma da wuya ta tafi ba su yi da yayanta ba. Ita ta kafe gida uban yake so. "Mutumin da takalminsa ya fi zuwa wajen mai gyara fiye da yadda kake zuwa gaishe shi, ka kawo shi nan ka ce yabonka yake? Faɗa yake yi maka."

"In faɗa ne, ya aka yi yake cin abinci har ya yi kumatu? Dubi fuskarsa."

A kansa suke yi, ɗaya a dama da gado ɗaya a hagu, yana bin su da ido. In suka juyo suka ce, "Baba, kai ka faɗa," sai ya faɗi abin da yake da shi, kowannensu ya ce ai ka ji, ai kin ji.

Da Tafinta ya fara riƙe cokali da hagu, yana kuma iya tsayuwa in an tallafe shi, Babba ya ce za a yi liyafar godiya. Umma ta ce, "Babanku bai shirya ganin mutane ba."

"Umma, jama'a sun dame ni da tambaya. Su gan shi sau ɗaya, hankalin kowa ya kwanta. Shi ma zai ji daɗi."

Ranar aka kafa rumfuna a kan ciyawar, aka jera kujeru masu fararen riguna, aka ɗauko masu kiɗa. Abinci kuwa, teburin da aka fara jerawa ba a hango ƙarshensa. Aka sa wa Tafinta sababbin kaya masu nauyin aiki, ya zauna a cikinsu kamar na aro. Cikin baƙin har da tsohon magatakardan kotunsu, wanda suka yi aiki tare tun suna samari. Umma ta ja shi gefe ta tambaye shi ko ya san inda mijinta ya samo kalmar, don ita ba ta taɓa jin ya faɗe ta a gida ba. Tsohon ya yi tunani, ya girgiza kai. "Takan fito a shari'ar gado, ko in ana tuhumar wani da cin dukiyar ofis. Amma ba wadda ba ta fitowa. Ban san me ya sa wannan ce ta maƙale ba."

Bayan azahar mai jinya ya tura keken zuwa kan wani ɗan dandamali da aka shimfiɗa wa farar darduma, ya kafe shi a tsakiya. Mai hoto ya ce fararen kayansa suna ɓata hoto, sai ya sauka ya tafi neman abinci. Umma tana teburin gaba tare da matan. Aka shiga jawabai. Abokan kasuwancin Babba suka yi ta yabon ɗa mai jin ƙan iyaye. Duk wanda ya hau gaida Tafinta sai ya kai masa kofin lemo baki, shi kuma ya sha, don ba shi da yadda zai ce ya isa.

Umma ce ta fara gani. Gwiwarsa ta hagu tana rawa, hannunsa ya damƙe rigar a kan cinya, idonsa yana yawo cikin taron. Wannan ba ta bukatar kalma. Ta yunƙura za ta tashi, matar Babba ta riƙe mata hannu. "Umma, zauna, yanzu za a kira ki hoto."

Lokacin Babba ne yake riƙe da makirfo. Yana ba da labari, yadda mahaifinsa mutum ne mai tsauri, bai taɓa ce masa ka kyauta ba, sai da ciwo ya ƙwace masa magana duka ya bar masa kalma ɗaya, ita ce kuwa ya faɗa ranar da ya shigo gidan nan. Ya sunkuya ya kai makirfon bakin uban. "Baba, ga jama'arka."

"Labish."

Ta fito ta lasifika ta cika filin. Aka kwashe da dariya, aka tafa. Tafinta ya sake faɗa da ƙarfi, aka ƙara tafi, mai ganga ya buga masa. Ya sake faɗa, wannan karon muryar ta tsage.

Umma ta zare hannunta ta hau dandamalin. Kafin ta isa, gaban rigar ya riga ya jiƙe, yana ɗiga daga matakin keken zuwa kan farar dardumar. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa masa a cinya, ta zagaya baya ta kama keken ta tura. Bai motsa ba. Ta sake turawa da ƙarfinta duka. Tun da suka zo gidan ba a taɓa bari ta tura shi ba, ba ta san inda birkin yake ba. Ta sunkuya tana laluben taya, tana jan duk ƙarfen da hannunta ya taɓa. Layin gaba ya yi tsit. Babba yana tsaye da makirfo a hannu, ana jin numfashinsa a lasifika. Sai da Auta ta hawo da gudu ta sa ƙafa ta saki birkin, sannan suka sauko da shi ta tsakanin kujeru, mutane suna janye ƙafafu suna kallon faranti.

A ɗaki Umma ta ce Auta ta fita, ta murza makulli. Ta ce yau ita za ta gyara mijinta. Ta cire masa hula, ta zare rigar da ƙyar, ta tara ruwan ɗumi. Ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga, ya fi ƙarfinta. Ta gyara tsayuwa ta sake, bayanta ya amsa, suka kusa zubewa tare. Ta tsaya tana haki, goshinta a kafaɗarsa. Daga waje an ci gaba da kiɗa, ƙasa-ƙasa. Ƙarshe ta je ta buɗe ƙofar. Mai jinya yana tsaye a wurin, ya shigo ya ɗaga mata shi. Duk abin nan idon Tafinta a rufe yake.

Washegari da safe Babba ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, da alama bai runtsa ba. "Umma, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ka sa a kai mu gida."

Ya sunkuyar da kai.

"Ko yau, ko gobe. Banɗakin ma a sa mana bokiti a ɗaki, zan iya."

"Umma, gidan ana aiki."

"Wane irin aiki?"

Ya faɗa mata yana kallon daɓe. So ya yi ya ba su mamaki. Da farko ƙofofi za a faɗaɗa, a shigo da banɗaki ciki. Da aka fasa bango ɗaya, injiniya ya ce ginin ya tsufa, gyara ɓarna ce. Sai aka sauke shi duka. Bene za a yi musu, mai na'urar hawa, kayansu kuwa suna nan a ajiye ba abin da ya taɓa su.

"Wa ka tambaya?"

"Na tambayi Baba."

"Me ya ce maka?"

Babba ya kawar da kai. Su duka sun san kalma ɗaya ce ta rage wa Tafinta.

Auta ce ta kai ta gani bayan kwana biyu. Ita ma ba ta sani ba sai ranar, kuma tun a mota take faɗa, har Umma ta ce ta bari haka nan, kanta yana ciwo. An kewaye wurin da kwano. A ciki rami ne mai zurfi, rodi a tsaitsaye, injin kwaɓa siminti yana ta ƙugi. Umma ta yi ƙoƙarin gane inda ɗakinsu yake ta kasa. Famfon tsakar gida kaɗai aka bari, wani lebura yana wanke ƙafa a wurin. Shugaban ma'aikatan da ya ji ko wace ce, ya cire hular kwanonsa ya gaishe ta, ya nuna mata hoton ginin a jikin allo, duk gilashi. Ta tambaye shi yaushe za a gama. Ya ce in kaya suna zuwa a kan kari, baɗi war haka an tare.

Maƙwabciyarsu ta leƙo ta rungume ta, ta tambayi mai jiki, ta ce, "Ke kam kin haifa. Mu namu ko kwan fitila ba su canza mana." Umma ta ce Allah ya shirya mana su duka.

Da ta dawo ta tarar an zaunar da Tafinta a gado, an jingina shi da filo, rediyo yana yi. Tun ranar liyafar bai sake buɗe baki ba. Likitar ta ce ba wani sabon ciwo ba ne, shi ne dai ba ya so. Ya dubi ƙurar siminti a takalminta, ya ɗago ya dube ta.

Ta yi niyyar ta ce masa fenti ake yi. Ta zauna a bakin gadon, ta rage muryar rediyon, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta ce, "Malam, sun rushe shi. Duka. Rami ne a wurin yanzu." Ta faɗa masa rodin, da allon, da abin da shugaban ma'aikatan ya ce. Ta ce, "Ba da mugunta ya yi ba. Ka san shi."

Tafinta yana saurare. Hannunsa na hagu ya kama gefen bargo yana murzawa. Leɓensa ya motsa, ya ja numfashi, ta matso da kunnenta. Sai ya datse bakin, ya haɗiye.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai jinya ne, da tawul a kafaɗa, lokacin motsa jiki ya yi. Ya gaishe ta, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Umma, ɗan matsa mini kaɗan."

Ta tashi ta koma jikin bango.